Ɗingishin Balaraba

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayun 1999, shekarata goma. Baba ya fito da talabijin tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi, maƙwabta suka cika tabarmi suna kallon rantsuwa. Ana cikin haka Balaraba, tsohuwar kyanwar gidanmu, ta yunƙura za ta haye katanga kamar yadda ta saba, ƙafafunta na baya suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗo tim a gefen rijiya, ta saki wani kuka irin na jariri, ta ja jiki ta shige bayan turmi. Na ga wata mata ta jawo ɗanta ta manna shi a jikinta.

Balaraba ta Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ma sanyin ƙashi ya daɗe da kama mata gwiwar hagu, don haka tana shafa ƙugun kyanwar ta ce ciwonsu ɗaya. Damina ta sauka, ɗakuna suka ɗauki danshi, Balaraba ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ko kwanon tuwo sai an kai mata har baki. Jinyarta ta dawo hannuna. In na taso daga makaranta na gama shara da wanke-wanke, sai in soya yashi a kasko, in ɗura a tsohuwar safar Baba, in jira ya huce har kuncina ya iya ɗauka, sannan in ɗora mata a ƙugu. Gwaggo na murza mata gaɓɓai a hankali da man kaɗanya, ragowar ta shafa a tata gwiwar. Na jera bulo uku a gindin gado suka zama matakala, na ɗora kwanonta a kan wani bulon don kada ta sunkuya.

Wata rana Malam Bitrus, ɗan Filato mai aikin duba dabbobi, wanda ya taɓa zama a layinmu kafin ya koma Tarauni, ya shigo gaida Baba ya tarar ina murƙushe ƙwayar ciwon kai a cikin madara. Ya fizge kwanon ya zubar a magudana. "Hauwa, ko rabin wannan ta sha, gobe gawa ce." Ya nuna mini yadda zan ɗauke ta ba tare da na matse bayanta ba, ya ce ɗumin nan shi ne gatanta.

Da ɗumin ta fara takawa, amma da ɗingishi, kuma ƙafar hagu take ja. Daga nan maganar ta tashi. Gidan da ke jikin namu akwai Hinde, matar wani direban bas da suka taso daga ƙauye ba da daɗewa ba. Jaririnta ya kama zawo, kullum ramewa yake. Balaraba kuwa in ciwo ya motsa mata gab da magariba sai ta yi wannan kukan, a ji shi har ta kan katanga. Na fara lura mata na yin shiru in Gwaggo ta wuce. A makaranta aka daina saka ni a 'yar gala-gala, wadda muke raba gyaɗa da ita ta koma ɓoye tata. Daga baya ita ce ta faɗa mini a bakin famfo, ba ta ko kalle ni ba, wai an ce kyanwarmu da Gwaggonmu abu ɗaya ne, shi ya sa ƙafa ɗaya suke ja.

Na kai wa Gwaggo ina kuka. Ta yi murmushi ta ce, "Kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi." Sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta.

Wata Alhamis bayan la'asar maza huɗu suka zo zaure, mijin Hinde a gaba. Ina laɓe a bayan ƙofa na ji suna roƙon Baba, da ladabi, wai a bar Gwaggo ta je ta tsallaka yaron kamar yadda ake sa mayya ta yi don ta saki kurwa. Muryar Baba ban taɓa jin ta haka ba. Ya ce yayarsa ba za ta tsallaka ɗan kowa ba, su kai yaro asibiti. Da suka fita na leƙa, samarin layi na zaune a kan dakali, gabansu an tara duwatsu. Baba ya shigo bai dubi Gwaggo ba, ya ce kyanwar ba za ta kwana a gidan ba.

Ni na ɗauke ta. Na shimfiɗa zani a baho, na sa ta da safar yashinta, na rufa tsumma na ɗora a ka kamar mai zuwa niƙa. Na ratsa ta gaban samarin ina addu'ar kada ta yi kuka, ba ta yi ba. Hadari ya haɗo, na bi ta lunguna har Tarauni, ina jin nauyinta na motsi a kaina. Matar Malam Bitrus ta karɓe ta ba tambaya, ta ajiye ta kusa da murhu.

A satin nan aka kwantar da jaririn Hinde a asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, ya warke. Mun yi murna, ashe abin da ya fi muni ke nan. Mutane suka ce ai ga shi, kyanwa na barin layi yaro ya tashi. Daga ranar ba a ƙara miƙa wa Gwaggo jariri a gidan suna ba, ita ma ta daina zuwa. Duk Asabar nakan je Tarauni, in na dawo tambayarta ɗaya ce, ko Balaraba ta ci abinci. Kyanwar ta mutu kafin wata daminar, Gwaggo ta ƙara shekara shida a cikin ɗakinta kafin ta rasu.

Yanzu layin ya zama shaguna, yaron Hinde ya zama magidanci, in mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, bai san komai ba. Tsofaffin da suka rage in an ambaci Gwaggo sai su ce Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri. Ba ɗayansu da ya taɓa shigowa ya ba ta haƙuri tana raye.