Kaset ɗin Kawu Panya

Duk wanda ya san Kawu Sule Panya ya san biron nan da ke maƙale a kunnensa. Ba na rubutu ba ne. Aikinsa ɗaya, a zura shi a ramin kaset a yi ta juyawa, don kada batir ya ƙare wajen mayar da waƙa baya. Ka zo gaisuwa kana durƙushe, gwiwa na ciwo, shi yana juya biro, sai ya gama zai amsa. Kai, Kawu ya gwada mana haƙuri!

Yayan mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya tafi neman kuɗi wani tsibiri da ake kira Panya, inda ake Sifaniyanci, ya yi shekaru yana sayar da tsire. Abokan tafiyarsa suka dawo Daura da keken ɗinki, shi ya dawo da rikoda da kaset ɗaya, na wata tsohuwa mai rera tsoffin waƙoƙin mutanen Sifen, irin masu ɗauke da labari, ba ganga ba kiɗa, sai murya kamar ana lallashin jariri. Babu ɗan gidanmu da bai sha waƙar nan har ta gundure shi ba.

Abin haushin, ba ya bari ta ƙare. Ana tsakiya sai ya danna maɓalli ƙat, ya ƙarasa labarin da baki. Ran nan a motar Mai'adua ya kunna wa fasinjoji, ya ce matar soja ce take jiran mijinta a bakin teku, ƙarshe ya dawo lafiya. Da muka juyo gida, a motar nan dai, sai ya ce kifi ne ya haɗiye mijin.

Na ce, "Kawu, ɗazu fa ka ce ya dawo!"

"Ke kika je Panya ko ni?"

Direba ya ce, "Baba, don Allah a bar tsohuwar ta ƙarasa da bakinta mana."

"Ta gaji," in ji Kawu, ya naɗe rikodarsa cikin tawul.

Daga Panya ya kwaso ciwon ɗaukar murya. Har garin Babban Mutum yakan je a bayan babur, neman tsofaffin da suka iya waƙar daɓe. Wata rana ciwon ya faɗo kan Inna, mahaifiyata. Wai sai ta yi masa waƙar niƙa ta kakarmu.

Inna ta ce, "Haba Yaya, ga injin niƙa a bakin layi, wa ke niƙa da hannu yanzu?"

"Waƙar ba ta fita sai da dutse."

Ya je ya tono dutsen niƙa daga gindin rumbu, ya zuba gero, ya sa ta durƙusa. Zakara ya yi cara, ya ce a sake. Akuya ta yi kuka, a sake. Har garin tuwon gida duka ya niƙu bai gamsu ba. Da Inna ta miƙe tana riƙe da ƙugu, ta ce, "Yaya, ka ƙara shigo mini da rikodar nan, wallahi ita zan ɗora kan dutsen."

Bayan Inna ta rasu na gane muryarta babu inda ta saura sai a wurin Kawu. 'Ya'yana ba su san ta ba, ga zafin Daura yana narka kaset. Na je na durƙusa.

"Kawu, a ba ni kaset ɗin Inna in kai a juye a waya."

"Waya? Ta mijinki ba rijiya ta faɗa ba?"

"To kunna mini in ji, ko sau ɗaya."

"Babu batir."

Na sayo batir sabo fil. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya zuba a tocila. Na yi fushi, na yi kuka, na haɗa shi da limamin unguwa. Liman ya shiga yi masa nasiha, ya fito yana ba ni labarin matar soja. A nasa jin, mijin wani auren ya yi!

Haka muka yi ta ja har Allah ya karɓi abinsa bara. Bayan sadakar bakwai muka buɗe adakarsa, cike da kaset, ko ɗaya babu suna a jiki. Mutum da biro a kunne shekara da shekaru! Na zauna ina bi ɗaya bayan ɗaya, ga waƙar daɓe, ga ta raino, wasu sun narke sun manne. Babu Inna. Na ce shi ke nan, taurin kan Kawu ya raba ni da muryar uwata.

Saura na Panya kaɗai a cikin rikoda. Don takaici na kunna, na ce yau dai tsohuwar nan za ta ƙarasa. Ta kai daidai inda Kawu ke tsayar da ita, sai murya ta yanke. Sai ƙarar dutse, gurr, gurr. Zakara ya yi cara, Kawu ya ce, "A sake!" Sai ga dariyar Inna: "Yaya, ka ishe ni!" Ta ɗauki waƙa.

Ashe ran nan ba shi da sabon kaset, sai ya ɗora ƙanwarsa a kan rabin abin da ya fi so a duniya. Ko rowa ce ta sa ya hana kowa jin rabin nan, ko ƙauna, shi ya sani. Na yi kuka har 'yata ta zo ta tambayi wace ce mai waƙa. Na ce kakarki ce, zauna ki ji.

An juye a waya yanzu, Kawu, sai haƙuri. Matar soja kuwa har yau ba mu san ko mijinta ya dawo ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sada ka da ƙanwarka a Aljanna. Amin.