Azumina da soyayyen kifi

Ranar Juma'a na ɓuya a wani aji da babu kowa a lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, don kada in ci abinci a gaban masu azumin Ramadan. Na buɗe ledar soyayyen kifina kenan, sai ga abokin aikina Mushe Isuhu, malamin lissafi, leɓɓansa a bushe.

Ya ce, "Madam Mariya, ba ke kika ce ku ma 'yan Katolika kuna azumin kwana arba'in ba?"

Na ce, "Muna yi mana. Ran Juma'a ba ma cin nama, don tunawa da wahalar Yesu."

Ya dubi ƙaton kifin, ya dubi yaji da albasa da ruwan sanyi.

"Sannu da wahala. Allah ya ba ki ikon cinyewa."

Na yi dariya, amma na mayar da lomar cikin leda. Ni da ma nama bai dame ni ba, kifin tabkin Madarumfa nake so. Ashe shekara uku ina yi wa Allah wayo, har da neman lada.

'Yan'uwana na coci, ku faɗi gaskiya: abin da kuka bari bana, kun ji zafinsa kuwa?