Kanwa a Zoɓon Suna

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, kunnenku nake so.

Ranar sunan tattaɓa-kunnena a unguwarmu Banikanni, ƙanwata ta taso tun daga Djougou da buhun zoɓonta, bisab in ji yaran yanzu. Duk danginmu ba mai taɓa zoɓon biki sai ita. Ta dafa, ta tace, ta sa citta da kanumfari, ta rufe babbar roba ta tafi alwala. Da ta dawo ta ɗaga murfi, abin da ta bari ja ya koma baƙi-baƙi mai kore, kamar ruwan rini. Ga baƙi sun fara cika tabarmi.

Jikata, mai aiki a farmasi, ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Kaka, kanwa ce ta ɓata shi."

To yarinyar nan a Faransanci ta tashi, harshenta bai raba kanwar miya da ƙanwar mutum. Kowa a tsakar gida ƙanwa ya ji. Ƙanwata ta miƙe, ta ɗaura gyale, ta ɗauki jaka, ta ce a kira mata zem, ɗan acaɓa, ya kai ta tasha, tunda a gidan yayarta jikoki ke tsayawa su ce ta ɓata biki. Na riƙe jaka, tana ja ina ja. Na san halinta, in ta hau motar Djougou da fushi, sai dai mu gamu a wata jana'iza.

Jikata sai maimaitawa take, kanwa, kanwa, abin yana ƙara zafi. Da ta rasa yadda za ta yi ta ruga madafa ta ɗauko ƙwaryar da aka jiƙa kanwar wake, ga ta wayam. Wani ya ɗauka ruwa ne ya juye a roba. Ta ɗebo zoɓon a kofin gilashi, ta matse lemun tsami a gaban ƙanwata. Ja ya dawo, muna kallo.

Ƙanwata ta saki jaka ta ce a sake. Aka jiƙo wata kanwa aka ɗiga, ya yi baƙi. Aka matsa lemo, ya yi ja. Ni da ban cika dariya cikin mutane ba, ranar har ɗankwalina ya faɗi. Tsofaffi suka kewaye kofi, kowa da ɓarin lemonta, muna ƙwace wa juna kamar 'yan yaye. Jikata ta ce launin zoɓo haka yake, tsami ke tashe shi, kanwa ke kwantar da shi. Ƙanwata ta ce, "Ke dai gyara bakinki, 'yar nema, kafin ki raba zumunta."

Lemon duk da za a gyara babbar robar da shi muka ƙarar a wasa, sai da aka aika yaro unguwar Titirou neman wani.

Ƙanwata ta yi mako ba ta tafi ba, yanzu a Djougou duk wanda ya je gaishe ta sai ta nuna masa wasan kofin. Jikata ta yi aure, kuma har yau "potasse" take cewa in za ta ambaci kanwa. Jaririn da aka yi wa suna yanzu yana gudu. Ni kuwa ga ni zaune, haƙora sun ragu, zoɓo ba sukari likita ya yarje mini.