Kiwi Ba Ya Cikin Takardar Likita

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu neman ɗinki da masu cewa "Bilki ta yi kuɗi ta guje mu," duk na ga saƙonku. Ba kuɗi na yi ba, kwanciya na yi. Ƙoda ce ta tasa ni a gaba.

Ɗinkin Sallah ne mafari. Bayana ya riƙe, ga kayan mutane jibge, sai na koma wa maganin ciwon jiki na kemis. Biyu da sahur, biyu da buɗa-baki, ruwa kuwa ba na wani sha. Bayan Sallah takalmina ya ƙi shiga, fitsari ya koma ɗigo, ko ƙamshin miya ba na son ji.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar, wata doguwa da ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce, "Malama Bilkisu, ƙodarki ta tsaya. Za mu yi wankin ƙoda da inji mu ga ko za ta farfaɗo."

Sau biyu aka ɗora ni a kan injin nan. Kina kwance kina kallon jininki yana fita ta roba yana dawowa. Tsadarsa daban, tsoronsa daban. Na tsane shi, wallahi na tsane shi. Ba abin da nake roƙon Allah kamar kada a yi na uku.

Allah ya amsa, ƙoda ta fara motsi. Aka sallame ni da takarda: banda ayaba, lemo, dabino, dankali, tumatir da kanwa, gishiri kuma ɗan kaɗan.

To kun san mu da dubiya. Wa zai shigo gidanmu na Zaitawa hannu rabbana? Kowa da ledar ayaba da lemo, maƙwabta suka yi ta shan gara. Ni kuwa na zama masifaffiya. In zauna, in tashi, in leƙa soro, in dawo in harari keken ɗinki. Bakina salam, komai na ci kamar dusa.

Yaya Kabiru, babban wanmu da ya riƙe mu tun rasuwar Baba, shi abin ya fi ci wa rai. Mutum ne da ko gaisuwar mura ba ya zuwa ba leda. Ya karɓi takardar, ya sa gilashi, ya karanta sau biyu. Washegari sai ga shi da kwali daga wani babban kanti.

"Ga wanda ba a hana ba," in ji shi. "Kiwi sunansa. Na duba a waya, ya fi lemo bitamin C."

Kala biyu ne. Ɗaya bayansa gashi-gashi, cikinsa kore da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe kamar habbatussauda, ga ɗan tsami mai tayar da baki. Ɗayan bayansa sumul, cikinsa ruwan ɗorawa, zaƙi zalla. Na raba biyu na sa cokali. Kai jama'a! Ranar na tuna ina da harshe. Huɗu nake ci a rana, wani lokacin biyar, Yaya yana ta murna yana ƙaro kwali.

Rana ta shida da hantsi leɓena ya fara yam-yam. Ƙafafuna suka yi nauyi, na kasa ɗaga buta. Zuciyata ta buga, ta yi shiru, ta sake bugawa. Yaya ya zuba ni a mota, a cunkoson Ƙofar Nassarawa ina salati yana danna hon.

Aka manna min wayoyin gwajin zuciya, aka sake ɗibar jini. Likita ta zo fuska ba walwala.

"Sinadarin fotasiyam ya hau a jininki, shi ke rikita zuciyar. In bai sauka zuwa la'asar ba, sai inji. Me kika ci?"

Na ce, "Likita, ko ɗaya ban taɓa abin da ke takardarki ba."

"To me kike ci da ba ya ciki?"

Yaya ya zura hannu a aljihu ya fito da guda ɗaya, wai guzurina. Ta kalli kiwin, ta kalle shi.

"Alhaji, ga mai ciwon ƙoda wannan da ayaba duk ɗaya ne, koren da mai ruwan ɗorawar. Ban rubuta ba ne don ban zaci zai zo hannunta ba."

Ban taɓa ganin Yaya ya zauna a ƙasa ba sai ranar.

Allura, ƙarin ruwa, wani garin magani mai ɗanɗanon yashi. Idona a kan agogon bango, kunnena a kan ƙarar injin da ke ɗakin kusa. Ana kiran la'asar sakamako ya fito. Fotasiyam ɗin ya sauka. Na yi kuka har majina.

Yau gwajina ya daidaita, na koma kan keke. Na gode wa Allah, na gode wa likitata da nas-nas, da duk wanda ya yi min addu'a.

Shawarata: mai lafiyar ƙoda ya ci kiwinsa, yana da amfani, yana sassauta ciki. Mai ciwon ƙoda kuwa, kada ya ce abu ba ya cikin takarda, ya tambaya tukun. Maganin ciwon jiki kuma ba gyaɗa ba ne, ku daina watsa shi a baki.

Bayan na dawo gida, sati biyu Yaya bai leƙo ba, sai dai waya. Ran Juma'a na ji sallamarsa a soro, ya tsaya ya ƙi shigowa.

"Bilki, ban zo da komai ba."

Na ce, "Shigo Yaya. Abin da nake jira ke nan."