Ƙarfen Da Ke Kai Bappayo Tasha

Bappayo makaho ne, amma idan kana son kanka da lafiya kada ka nuna masa tausayi. Ciwon idon nan na bakin kogi ne ya cinye masa gani tun yana saurayi, ya taho Gombe ya zauna a Manawashi yana tufka igiyar rama. Abu biyu ya rantse a kansu: ba zai yi bara ba, ba kuma mai ja masa sanda.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne wani guntun layin dogo da aka ja daga tasha zuwa wani siton auduga, ya bi ta bayan unguwarsu. Da safe sai ya ɗora igiyoyinsa a ka, ya riƙa buga sanda a jikin ƙarfen, ƙwal, ƙwal, har bakin tasha inda masu jakuna ke saye. Da yamma ƙarfen ya maido shi gida wurin matarsa Asta.

Da kuɗin mai suka shigo, manyan motoci suka ƙwace dakon auduga, jirgi ya daina bi. Bappayo ko a jikinsa, ai gaba ta kai shi. Sai shekarar Udoji ta zo, aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, kowane akawu ya sayi keke, hukuma ta ce a cire ƙarafan a zuba jar ƙasa, masu keke da masu tafiya a ƙasa su samu hanya.

Hankalinsa ya tashi. Ya lallaɓa har wurin Ernest, shugaban leburorin da ke cire ƙarafan.

“Ɗana, ku bar mini ƙarfe ɗaya. Ɗaya tak, ku kwashe ɗayan.”

“Haba Bappa, ai don irinku ake yi. Hanya sumul, ba tuntuɓe.”

“Na taɓa kawo maka ƙarar tuntuɓe?”

Ernest ya yi dariya, ya ba shi haƙuri, aka ci gaba da aiki.

Bappayo bai saduda ba. Ya sa Asta ta kafa masa turaku a gefen sabuwar hanyar, ya ja igiyarsa mafi kyau a kansu don ya riƙa bi da hannu. Ba ta daɗe ba masu awaki suka yanke ta. Ya jera duwatsu, leburori suka share, wai suna kayar da masu keke. Asta ta ce ita za ta riƙa kai shi, ya daka mata tsawar da ta sa maƙwabta leƙowa. Haka ya zauna a zaure, igiya na taruwa, garin tuwo na ƙarewa.

Ranar da tukunya ta kwana a kife, ya ɗauki kaya ya fita shi kaɗai. Sanda na neman ƙarfe, ba abin da take samu sai ƙasa. Ƙararrawar keke ta kaɗa ta gaba, ya kauce. Wata ta baya, ya sake juyawa. Rana ta take tsaka, ya rasa ina gabas ina yamma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya makance.

Ya miƙa hannu don ya tsai da wani ya tambayi hanya. Keke ya rage gudu, wani abu mai sanyi ya faɗo masa a tafi.

“Allah ya kawo sauƙi, malam,” in ji mai keken, ya wuce.

Bappayo ya shafa, ya ji kwabo ne. Ya ɗaga hannu zai yi jifa da shi, sai ya tuna Asta ba ta ci komai ba tun jiya. Ya sa shi a aljihu, ya tsaya a tsakiyar hanyar yana kuka.