Kawu Sanyi da Na'urar da Ba a Kashewa

A bayan kasuwa Kawu Sanyi ya fara sana'a, yana gyaran firjin masu ƙanƙara. Daga nan ya koma kan injinan sanyaya ɗaki, har wata cibiyar bincike ta ɗauke shi aiki. Shekararsa goma sha tara a can, kuma idan famfo ya sauya kuka kunnensa ne ke fara ji kafin allo ya nuna. Mutum ne mai haƙuri, amma fa akwai shi da riƙo.

Da aka kawo kwamfutar kwantum, irin wadda ba ta aiki sai cikin tsananin sanyi, shi aka damƙa wa sanyinta. Wata farar ganga ce a rataye, ainihin abin da ke lissafin a cikinta bai fi farcen babban yatsa ba, kuma wutar da yake sha ba ta taka kara ta karya ba. Masu shan wutar su ne injinan Kawu, waɗanda ke gurnani dare da rana don ɗan abin nan ya zauna cikin sanyin da ya wuce hankali.

Sai aka kawo sabon manaja, mai takalmi mai ƙyalli. Ya duba mitar wuta sau ɗaya, ya tara ma'aikata.

"Asabar da Lahadi ba kowa a ginin nan, amma injinanka na ta zuƙar wuta," ya ce wa Kawu. "Wa kake sanyaya wa, aljanu?"

"Ranka ya daɗe, in aka kashe su kwamfutar ta ɗumama, sai ta kwana biyar kafin ta koma daidai. Wutar da za ta sha a nan ma ba kaɗan ba ce."

"Ji mai gyaran firjin kasuwa zai koya mini! Ƙarshen wata za mu nemo wanda ya yi karatu."

Aka yi dariya. Kawu ya ji ta har cikin ƙashinsa, ya tsani mutumin nan tsana ta gaske. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To ranka ya daɗe, a rubuta mini umarnin kashe su." Manaja ya rubuta, ya sa hannu har da wutsiya.

A gida matarsa ta ga ya ture kwano. Ta ce, "Malam, ka bar shi da Allah."

"Na bar shi da Allah," in ji Kawu, "amma makunnin a hannuna yake."

Ya san ranar Litinin shugabannin cibiyar za su kawo baƙi a gwada musu na'urar. Manaja ma ya sani, bai dai haɗa biyun ba, Kawu kuwa bai taya shi haɗawa ba. Ranar Juma'a da aka tashi aiki ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ya kulle ƙofa.

Litinin baƙi suka iske ganga shiru. Manaja ya nuna Kawu da yatsa yana kumfar baki. Kawu ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali, ya miƙa wa babban shugaba. Daɗin da ya ji a lokacin, har yau in ya tuna sai ya yi murmushi. Kafin wata ya ƙare manaja ya kwashe kayansa, Kawu na nan daram.

Sai dai da yammacin Litinin ɗin wata matashiyar Dakta mai bincike a cibiyar ta same shi a ɗakin injina, idanunta jajur. Mako bakwai ta yi tana wani awo a kan na'urar, duk ya tafi a banza.

"Kawu, ka san haka za ta faru?"

"Na sani, 'yata."

"Da ka faɗa mini. Ko a waya."

Da ya faɗa mata da ta hana, shi ya sa bai faɗa ba, kuma ta gane hakan.

In ka tambaye shi yau, zai ce maka ko kaɗan bai yi nadama ba. Amma ofishin Daktar na kusa da babbar ƙofa, kuma shekara uku ke nan Kawu ta ƙofar baya yake shiga aiki.