Dattijon da Na Raka Bakin Iyaka

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da ya koro mutanen Nijar zuwa kudu, ina sabon ma'aikacin shige da fice. Kakina ko karin guga bai sake ba, ina taku kamar ni na kafa ƙasar. Sai ga umarni daga sama: duk baƙon da ba shi da takarda a kwashe shi a mayar da shi ƙasarsu.

A makon na leƙa ƙauyenmu wajen Tsanyawa. Mu Kirista 'yan gidaje ne a tsakiyar Musulmi, gona na jikin gona. Ina shiga na tarar da wani dattijo yana sallar la'asar a zaurenmu. Mahaifiyata ta ce daga wajen Damagaram yake, shanunsa sun mutu kaf, a kasuwa ta tsince shi jiri na ɗibarsa.

Na ce, "Inna, kin san aikina kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake faɗa maka da bakina, kada ka ji a gari."

Zama ya gagare ni. In zaga bayan gida, in dawo, in sake fita. Na je wajen fastonmu ko zai sauke min nauyin. Ya ce bin hukuma umarnin Ubangiji ne, karɓar baƙo ma haka. Yesu kansa an gudu da shi wata ƙasa yana jariri. Na ce, "To wanne zan bi?" Ya ce, "Da na sani da na faɗa maka. Zo mu yi addu'a."

Dattijon ne ya raba gardamar. Ya ji ana cewa motar kwasa za ta zo ranar kasuwa. Ya ce, "Ɗana, ba zan ci tuwon mahaifiyarka in kuma ci aikinka ba. Amma kada a loda ni kamar akuya. Ka kai ni da kanka."

Inna ta ɗaure masa gero da kuka, ta ɗora min a ka, da kakina da komai. A bakin iyaka abokan aikina suka yi ta dariya, wai ofisa ya zama ɗan dako. Dattijon ya karɓi kayansa, ya sa min albarka, ya nufi ƙasar da ko ciyawa babu. Ban sake jin labarinsa ba.

Na yi aikin har ritaya, kuma ban taɓa cewa ƙasa ta zauna ba iyaka ba, don na ga irin abin da ake shigowa da shi. Sai dai daga ranar ban ƙara sa mutum a mota da yunwa ba.

Har yau in aka karanta a majami'a cewa ranar shari'a za a tambaye mu baƙon da muka karɓa, sai in gyara zama. Ni rakiya na yi wa nawa. Ban san a wane gefe za a ajiye ta ba, na lada ko na laifi.